Motar da Aka Sauya wa Uba

Rafaela, Maris 2013

Zuwa ga ɗiyata Griselda,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki da yaran, da fatan sanyin Torino ya fara sakin ku. Nan zafi ya ƙi tafiya. Ni ina nan yadda kika bar ni, kunne a toshe, gwiwa a kumbure. Ki daina wahalar da kanki da kiran waya. Shekaranjiya na ɗauka, abin da na ji kamar ƙuda a cikin gwangwani, sai da maƙwabciyata Doña Pocha ta karɓa ta ce mini ke ce. Guduma ta cinye kunnen tuntuni, amma ta bar mini ido. Ki rubuto.

Hoton da kika yanko daga mujalla ya iso. Kin tambaya ko idonki ne ya yaudare ki. Bai yaudare ki ba, motarmu Calandria ce. Sun kankare shuɗin fentin da marigayiya mahaifiyarki ta zaɓa sun mai da ta ja, sun manna mata baƙon tambari a hanci, amma ko ido aka ɗaure mini zan gane ta da tafin hannu.

Na karanta abin da suka rubuta a ƙasan hoton. Wai mota ce tilo da wani maƙeri ɗan Modena ta Italiya, Ercole Vandrini, ya ƙera a 1953, aka kawo ta Argentina tsere, ta ɓace, sai kwanan nan aka tsinto ta a rumbun wata gona, kuma za a nuna ta a baje kolin tsofaffin motoci can Italiya a watan Mayu. A 1953 ina yaro da gajeren wando, ina leƙen tsere ta ƙarƙashin waya. A nan na fara ganin irin waɗannan motoci, gajeru, marasa rufi, direba a kishingiɗe ciki kamar mai wanka a baho. Su suka kai ni jami'a a Córdoba. Na fi kowa a ajinmu, kamfani ya ɗauke ni, ya sa ni zanen mariƙin ƙofa da mazubin tokar sigari. Da suka rufe ofishin zanen, don zane daga waje yake zuwa, na dawo gida na buɗe shago ina yi wa masu gonaki kwafin motocin da suka gani a sinima.

Calandria kaɗai ce ba kwafi ba. Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna yadda aka yi ta ba. Da alli na zana ta a bangon shago, daidai girmanta. In zana, in koma bakin ƙofa in duba, in goge. Layi ɗaya nake nema: ya taso daga fitila, ya kwanta a kan ƙofa daidai inda gwiwar hannun direba za ta sauka, sa'an nan ya tashi a kan tayar baya kamar ƙugun doki. Da layin ya zauna muka sassaƙa mata ƙwarangwal na katako, haƙarƙari bayan haƙarƙari, kamar kwale-kwale a kife. A kansa ake gwada kowane falle na alminiyom. Sai a baƙanta fallen da hayaƙin wutar walda, a gasa shi har baƙin ya ɓace, a nan ya yi laushi. A kai shi kan fafaffen kututture a daka da gudumar itace, a dawo a gwada, a koma. Haka muka yi daga 1976 har 1978. Kawunki Rufino Bahago ya bugi ɓangaren hagu, marigayi Cosme mijin Doña Pocha ya bugi na dama. Hannun Rufino ya fi nauyi, shi ya sa ƙugun hagu ya fi na dama cika da kamar faɗin yatsa. Na yi ta faɗa a kai, aka bar shi haka. Yanzu mujallarki ta ce wannan bambancin shi ne alamar hannun Vandrini.

Injin kaɗai ne na Italiya. Wurin wani mai kiwon kaji a Sunchales na same shi yana ja masa famfon ruwa, motar da ya fito daga cikinta ta daɗe da ruɓewa a rami. Shi kam ɗan 1953 ne, lambarsa tana jikinsa. A kan lambar nan suka ɗora ƙaryarsu duka.

Mahaifiyarki ce ta raɗa mata suna don ta tsokane ni. Ta ce calandria ai tsuntsuwar nan ce mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye. Na ce mata ita wannan da muryarta take kuka. Ashe ita ta fi ni gani.

A 1989, shekarar da kuɗinmu ya koma takarda, na rufe shago na sayar da ita ga wani mai gona da ko giya bai iya sa mata ba. Ba motar nake nema yanzu ba, ina zan je da ita da wannan gwiwa? Sunana nake so a rubuta a ƙarƙashinta. Abu ɗaya na yi a duniya da kaina, an ba wani matacce.

Ƙwarangwal ɗin katakon yana wurin Rufino a Ceres. In aka kifa jikinta a kansa zai zauna cif, har da ƙugun hagun, kuma babu mai musun katako. Zan rubuta masa. Kada ki sa rai, ni ma ban sa ba.

Ki shafa mini kan yaran.

Mahaifinki,
Evaristo Dalmasso


Rafaela, Maris 2013

Bahago,

Ina gaishe ka, in kana raye. In ka mutu, 'yarka ta karanta ta ba ni amsa.

Ga hoto nan a ciki. Ka sa tabarau ka dubi ƙugun hagu. Ina taya ka murna, ka zama Ba'italiye. Sunanka yanzu Vandrini, ka mutu tun kafin a haifi 'ya'yanka, kuma masana sun ce hannunka ba shi da na biyu a Turai. Shekara da shekaru ina gaya maka ka cika ƙugun nan da yawa, ga shi duniya ta ƙaryata ni.

Ranar da na rufe shago ka zo da motar ɗaukar shanu ka kwashe ƙwarangwal ɗin, ka ce gara ya tsufa a rumfarka da mai gidan hayar ya jefar da shi a titi. Yanzu nake bukatarsa. Ka sa a fito da shi rana, a goge shi, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe, musamman haƙarƙarin baya inda na rubuta awo da jan fensir. Griselda za ta kai wa mutanen kafin baje kolinsu.

Bangon da na yi zanen alli ba sai ka tambaya ba. Shagon ya zama wurin motsa jiki, sun lulluɓe bangon da madubi. Na wuce ranar nan na ga wani ƙato yana kallon damtsensa daidai inda fitilarta take.

Ka gaida 'yarka Mabel da mijinta. Ka amsa da wuri, ka san ba mu da lokaci mai yawa, ni da kai.

Evaristo


Ceres, Afrilu 2013

Injiniya, Gringo jikan Turawa mai baƙin rai,

Ina raye, ba don kai ba. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Pocha, ka ce mata har yau ban ci kek ɗin da ya kai nata ba. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun hagun ya fara rawa, na daman kuwa bai taɓa amfanar kowa ba.

Na ga hoton. Na kai wa Mabel na ce, ga aikin ubanki a takardar Turawa. Ta ce, "Baba, ai wannan ja ce, taku shuɗiya ce." Na shiga ɗaki na zauna.

Yanzu ka zauna kai ma, don abin da zan gaya maka ba na tsaye ba ne. Bara aka yi bikin cikar jikata Yanina shekara sha biyar. An yanka maraƙi, an gayyaci rabin gari. Sai ruwa ya kwana yana zuba, itacen gashi ya jiƙe sharkaf. Ni na tafi wurin aski. Na dawo tun daga kwana na ji wani ƙamshi da na sani, ban gane daga ina ba. Na shiga tsakar gida na tarar da surukina Walter da gatari, ya yi gumi, yana murna.

Ya ce, "Tsoho, ka cece mu! Wannan tsohon kejin kajin da ke rumfarka ya bushe ƙayau, ka ga yadda yake ci?"

Na ce, "Wane keji, ɗan banza?"

Ya ce, "To in ba keji ba ne, kwale-kwale ne? Ina ruwa a Ceres?"

Haƙarƙarin Calandria a ƙasa, haƙarƙarin maraƙi a sama. Na ga jan fensirinka yana baƙi a cikin wuta. Ban iya zaginsa ba, Gringo, yarinya tana tsaye da farar riga tana jiran in yi rawar farko da ita. Na yi rawar. Baƙi suka yi ta cewa ba su taɓa cin nama mai ƙamshi irin na ranar ba. Ban gaya maka ba don ban ga amfanin mu biyu mu kwana da abin ba.

Ka gama zagina? To saurara. Ka manta da bombilla.

Ranar da za mu rufe tankin mai, ka tuna bututun man ko-ta-kwana ba shi da rariya, kantin kayan mota kuma a rufe saboda hutu. Kana ta zagaye shago kana zagin ƙasar nan da duk wanda ya haife ta. Ni kuwa ina shan mate, shayinmu na ganye. Na zaro bombillata daga cikin ɗan goran, na dube ta. Bututu ne, ga rariya a gindi. In ta hana ganye shiga bakina, me zai hana ta tare datti? Ka ce, "Ba za ka sa mini kayan kicin a mota ba!" Cosme ya ce, "Injiniya, juya baya ka ƙirga taurari." Ka fita shan iska, muka liƙa ta da dalma, muka rufe tanki. Ta azurfar talaka ce, uwata ta ba ni, akwai R.L. a wuyanta. Bayan nan muka sa tankin a wutsiya muka naɗe jikin mota a kansa. Ba mai sa ta ciki sai wanda ya gina wutsiyar, ba mai fitar da ita sai ya yanka.

Ka tambayi masanan nan, wane Ba'italiye ne yake shan mate a Modena a 1953?

Ka ci abinci, ka daina cin ranka.

Naka har kullum,
Rufino Ledesma


Rafaela, Afrilu 2013

Ɗiyata Griselda,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙar Kawunki Rufino tana cikin wannan, ki karanta da kanki, ba ni da ƙarfin maimaita ta. A taƙaice, an gasa maraƙi da shaidata. A wata ƙasa da an sa katakon nan a gidan tarihi. A nan ma bai tafi a banza ba, an ƙoshi.

Maganar bombilla gaskiya ce. Na manta da ita don na so in manta, abin ya ba ni kunya a lokacin. Mutum ya yi karatun injiniya ya ƙare da tsinken shan mate a cikin tankinsa. Yau ita kaɗai ta rage mini.

Na sa miki hoto ɗaya da na samu a akwatin mahaifiyarki. Mu uku ne a tsaye bayan motar kafin fenti, jikinta fari yana ƙyalli, ke kina zaune a kujerar direba da ɗan tsana. Sauran hotunan ruwan da ya shiga gida ya cinye su.

Ki je baje kolin. Ki nemi wanda ya rubuta tarihin, sunansa a mujallar Dokta Ruscalla. Kada ki roƙe shi, kada ki yi kuka a gabansa, kin gaji mahaifiyarki wajen saurin hawaye. Ki ce masa kawai ya leƙa cikin tanki da fitila.

Doña Pocha ta kunna kyandir a coci saboda wannan. Na ce mata ta ajiye kyandir ɗinta don ranar da za a ɗauke wuta. Duk da haka na sa an wanke mini baƙar kwat ɗina, ban san dalili ba. Wataƙila wani ɗan jarida zai zo.

Allah ya kai ki lafiya.

Mahaifinki


Torino, Mayu 2013

Babana,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Yara suna gaida kakansu, ƙaramin ya ce in tambaye ka ko da gaske kai ka yi jar motar. Na ce masa da gaske ne, kuma shuɗiya ce.

Na je, Baba. Zan faɗa maka yadda aka yi ba ragi, don na san ba ka son a shafa maka mai.

A kan ciyawa suka ajiye ta a bakin tafki, an kewaye ta da igiya. Mutane sun fi taruwa a kanta fiye da kowace mota. Na ji wani yana gaya wa matarsa cewa yanzu ba a haifar masu irin wannan hannun. Na tsallake igiyar na ɗora hannu a ƙugun hagu. Mai gadi ya daka mini tsawa, na ce masa a cikin motar nan na koyi ƙirga. Ya ɗauka mahaukaciya ce.

Dokta Ruscalla dattijo ne mai fara'a, da hular ciyawa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya yi murmushi.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin san mutum nawa suka zo mini daga ƙasarku suna cewa babansu ne ya ƙera wata mota?"

Na ce, "Ni ban ce wata mota ba, wannan na ce."

Na ba shi hoton. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Kai, madalla! Ga hoton lokacin da aka kankare ta aka yi mata gyara. Shekarun nan ne muka rasa a tarihinta. Wannan mai gashin bakin shi ne babanki? Da gani ya san aiki."

Na ce, "A cikin tankinta akwai bombilla."

Baba, murmushin ya tsaya. Ya cire hula ya share goshi. Ya ce in biyo shi. Ya kai ni bayan wata babbar mota inda suke ajiye kayan aiki, ya jawo wani kwali da aka rubuta wa "ƙarin da aka yi daga baya". A ciki akwai madubin gefe, da jan ƙyallen da Mama ta ɗaura a ƙarƙashin sitiyari don kambun baka, da ita. Ta yi baƙi, amma R.L. yana nan.

Ya ce, "Da muka yanka tankin muka same ta, mun yi wata guda muna gardama. Wani ya ce rariyar jirgin sama ce. Sai wani ɗan Uruguay mai yi mana fenti ya gani ya kama dariya, don shi ma da irinta yake shan mate."

Na ce, "To ka san ba za ta shiga ba sai lokacin da ake gina wutsiyar."

Ya ce, "Haka ne. Shi ya sa muka rubuta cewa ta yi hatsari a Argentina aka sake mata wutsiya."

Na ce, "Da hanci, da ƙofofi, da ƙashinta duka?"

Ya ce, "Babban hatsari ne, ga alama."

Na dubi idonsa. Ya sani, Baba. Na rantse ya sani. Ya rage murya ya ce, "'Yata, Vandrini ya mutu bai bar takarda ko ɗaya ba, shi ya sa kowa yake son sa. Mai motar nan ya saye ta da zuciya ɗaya. Ni na sa sunana a littafi. Masu baje kolin sun ba ta kyauta da safen nan. Kina so duk mu tashi mu ce mun yi kuskure saboda cokalin shayi?"

Na ce ba cokali ba ne. Abin da na iya faɗa ke nan, kuma ban yi kuka ba sai a jirgin ƙasa.

Na tambayi wata lauya da nake yi wa mahaifiyarta jinya. Ta ce ba tare da katakon ko zane ba, maganar tsofaffi biyu ce a kan lambar inji, kuma shari'ar za ta fi ku tsawon rai. Ka yafe mini, haka ta faɗa.

Ga abin da ya rage. Ruscalla ya ce za a sake buga littafin, za a kuma yi allon tagulla da zai riƙa bin motar duk inda aka kai ta. In ka yarda, zai sa layi ɗaya a ƙasa: "An gyara ta a Rafaela, 1976 zuwa 1978, a hannun makanikan gari," sa'an nan sunayenku uku. In ba ka yarda ba, ba zai sa komai ba. Yana son amsa kafin ƙarshen Yuni.

Bombillar ya ba ni kyauta. Ya ce ba kayan motar ba ce. Tana cikin ƙunshin nan.

Ban san abin da zan ce ka yi ba. Ka sa rigar sanyi, na san Mayu ta fara cizo a can.

'Yarka mai ƙaunarka,
Griselda


Rafaela, Yuni 2013

Bahago,

Gaisuwa. Ga wasiƙar Griselda, ka karanta ka dawo mini da ita.

Ka gani? Mun ci. Shaidarka ta tsaya daram, ba wanda ya musa ta, sai dai ta koma shaidarsu. Duk abin da muka ɗauko don mu nuna tamu ce, sai ya zama wani babi a tarihin Vandrini. In na yanke hannuna na aika musu, za su ce hannun wanda ya wanke ta ne.

Na yi tunani a kan inda laifin yake, ban same shi ba. Na so in yi motar da za a gani a ce ta zamanin nan ce da na leƙa ta ƙarƙashin waya. Na auna kowane lanƙwasa don haka. Na ƙi roba, na ƙi duk wani ƙarfe da ba a yi shi kafin 1955 ba, har ƙusoshi sai da na nemo na da. To an gani, an ce ta zamanin ce. Da mun yi ta da ɗan muni, da yau tana rumbu kaji suna ƙwai a cikinta, kuma tamu ce.

Makanikan gari. Na riga na ɗauki alƙalami zan rubuta wa Griselda ta gaya wa mai hular ciyawa inda zai sa allonsa, sai Pocha ta shigo da miya. Ka san ta, sai da ta karanta wasiƙar a kan tebur kafin ta ajiye kwano. Ta rubuta mini a bayan ambulan, don ta gaji da yi mini ihu: "Har da sunan Cosme?"

Na ce, "Har da shi. A matsayin mai faci."

Ta matso kusa da kunnena ta ɗaga murya. "Injiniya, mijina ya mutu kurma kamar kai. Ko a kabarinsa gwamnati ta rubuta sunan ba daidai ba. Kai kana da takardar jami'a a bango. Shi me yake da shi?"

Na ce, "Ƙarya ce, Pocha. Bai gyara ta ba, ƙera ta ya yi."

Ta ce, "Na sani, ni nake cire masa ɓarɓashin ƙarfe a yatsu. Amma jikokina ba su sani ba. In suka ga sunan a tagulla za su tambaya, ni kuma sai in gaya musu gaskiya. In babu sunan, me za su tambaya?"

Ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Miyar ta huce ban sha ba.

In na yarda, da bakina na ce Vandrini ne ubanta, ni ɗan aiki ne, kuma za a zuba maganar a tagulla ta fi mu daɗewa. In na ƙi, ba Vandrini ne zai yi asara ba. Ba ni kaɗai na buga ta ba, don haka ba ni kaɗai zan yanke ba. Ka faɗi naka. Kada ka yi mini barkwanci a wannan karon.

Bombillarka tana nan. Na dafa ta a ruwan toka har sau nawa, ta yi fari.

Evaristo


Rafaela, Yuni 2013

Ɗiyata,

Ina gaishe ku.

Mabel ce ta amsa wasiƙar, ba Rufino ba. Yana asibiti a Ceres, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ta ce ta karanta masa, ya ɗaga yatsa uku na hannun dama, ya nuna bango kamar allon yana wurin. Sunaye uku ke nan, a rubuta.

Ki gaya wa mutumin ya rubuta. Cosme Aguirre a farko, sai Rufino Ledesma. Nawa a ƙarshe. Dalmasso da "s" biyu ne, ki tsaya a kansa har ki ga ya rubuta daidai.

Gobe zan hau bas zuwa Ceres da baƙar kwat ɗin, tunda an riga an wanke ta. Zan kai wa Bahago bombillarsa, da ita ake ba shi ruwa ya fi sauƙi. Na gwada ta da safen nan. Tana ja sosai, ba ta barin ganye ya wuce. Har yanzu akwai ɗanɗanon fetur.

Ki gaya wa ƙaramin shuɗiya ce.

Mahaifinki,
Evaristo